Kallon bidiyon daji a waya yana wartsake gajiyar ƙwaƙwalwa kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki ne a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, buga firojet na ɗalibai da cike fom na JAMB da sauransu, daga ƙarfe takwas na safe har magariba. Da la'asar ta kawo jiki sai in ga ina karanta layi ɗaya sau uku, ina juya lambobi, abu kaɗan ya ɓata min rai. Wani abokina ya ce kallon bidiyon daji da ruwa yana dawo wa mutum da hankalinsa, har yana ba ni shawarar in sayi gilashin VR, wanda ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin wurin. Da gaske ne, ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo maka. Kallon itatuwa da ruwa a sikirin yana sanyaya rai, yana kuma sauke damuwa cikin 'yan mintoci, wannan gwaje-gwaje da yawa sun nuna shi, ko da yake ba duka ba. Batun dawo da ƙarfin mayar da hankali kuwa, amfanin ƙarami ne, kuma ba kullum ake samunsa ba. Gilashin VR ɗin kada ka yi saurin zuba masa kuɗi, zan zo kansa.

Sai an san abin da ya gaji kafin a san yadda za a hutar da shi. Hankalin mutum iri biyu yake aiki. Akwai wanda kake tilastawa: kana kwafe lambar NIN ta wani yaro mai lamba goma sha ɗaya, firinta na ƙara, janareto na ruri a bayan shago, mutum uku na tsaye a kanka kowa na cewa nasa za a fara. Domin ka riƙe lambar nan, dole ƙwaƙwalwarka ta danne duk sauran abubuwan, kuma dannewar ce mai cin ƙarfi. Akwai kuma wanda yake tafiya da kansa ba tare da ka kore shi ba, kamar yadda ido yake bin balbela idan ta tashi daga bayan saniya. William James, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, ya bambance waɗannan biyun tun a 1890. Na farkon shi ne yake ƙarewa da la'asar, kuma alamominsa su ne daidai waɗanda ka lissafa: maimaita layi, juya 69 ta koma 96, saurin fushi, a ƙara da miƙa hannu ga waya ba tare da ka yi niyya ba.

A 1989 wasu masana biyu na Jami'ar Michigan, Rachel Kaplan da mijinta Stephen Kaplan, suka kawo bayanin da har yau a kansa ake yawancin binciken nan. Suka ce hankalin tilas yana farfaɗowa ne idan aka sallame shi, aka bar ɗayan ya karɓi aiki. Amma ba kowane abu mai jan ido ne yake ba da wannan hutu ba. Wasan ƙwallo da faɗan siyasa a Facebook da gajerun bidiyon TikTok suna jan hankali da ƙarfi, suna cika kai dam, ba sa barin wuri. Abin da ake nema shi ne mai jan hankali a hankali: ganyen darbejiya yana kaɗawa, ruwa yana gangarowa kan dutse, hadari yana haɗuwa a gabas. Idonka yana kai, amma zuciyarka tana da sararin yin nata tunanin. Suka ƙara da sharuɗɗa uku: mutum ya ji ya bar wurin aikinsa ko da a zuci ne, wurin da yake kallo ya zama mai faɗi da zai iya nutsewa a ciki, sannan ya dace da abin da ransa yake so. Riƙe waɗannan huɗun, domin kusan duk kuskuren da ake yi da bidiyon daji karya ɗaya daga cikinsu ne.

To me gwaji ya nuna? A 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan marasa lafiya 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagarsu tana kallon itatuwa, rabi tana kallon bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun kwana 7.96 a matsakaici bayan tiyata, ɗaya ɓangaren 8.70, kuma na farkon sun fi ƙarancin buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi. Wannan taga ce ta gaske. A 1991 shi da abokan aikinsa suka koma kan bidiyo: aka nuna wa mutum 120 fim mai tayar da hankali, sannan aka nuna wa wasu bidiyon itatuwa da ruwa, wasu na titi da cunkoso. Jikin masu kallon itatuwa ya fi saurin komawa daidai.

Waɗannan kan damuwa ne. Kan mayar da hankali kansa, wanda aka fi ambata shi ne na Marc Berman da abokansa a 2008. Suka sa ɗalibai yawon kusan minti 50, wata rana a lambun itatuwa, wata rana a tsakiyar gari, suna gwada su da maimaita jerin lambobi daga ƙarshe zuwa farko. Bayan yawon lambu sun fi ƙaruwa sosai. Sai suka sake gwajin da hotuna kawai na kusan minti goma, suka ga alamar ƙaruwa a nan ma, amma mutum 12 kacal aka yi wannan kashi na biyun da su. A 2015 Kate Lee da abokan aikinta a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya suka ba ɗalibai 150 aiki mai gundura na danna maɓalli, a tsakiya aka ba su hutun daƙiƙa 40. Wasu suka kalli hoton rufin bene da aka shuka ciyawa da furanni a kai, wasu na siminti tsura. Masu kallon ciyawa sun fi ƙarancin kuskure a rabi na biyu.

Da a nan zancen ya tsaya da sai in ce maka je ka sayi gilashin. Amma akwai gwajin da nake ganin ya fi kowanne amsa tambayarka. A 2008 Peter Kahn na Jami'ar Washington ya zaunar da mutum 90 a ofis, kashi uku. Kashi ɗaya suna fuskantar tagar gilas mai kallon itatuwa da ruwa. Kashi na biyu an toshe tagar, an kafa babbar talabijin da ke nuna wannan wurin dai kai tsaye daga kyamara. Kashi na uku bango kawai. Aka ba su ayyuka masu ɗan matsi ana auna bugun zuciyarsu. Masu tagar gaske bugunsu ya fi saurin sauka. Masu talabijin kuwa ba su bambanta da masu kallon bango ba. Daga baya da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa aka yi musu bita a 2016 da 2018, sai aka ga amfanin yana fitowa a wasu ma'aunai kamar riƙe lambobi a ka, ba ya fitowa a wasu, kuma fita waje ta fi sikirin tasiri, ko da yake masu fita wajen galibi sun fi daɗewa a can. Wasu da suka sake gwajin hotunan da mutane masu yawa ba su sami abin da aka samu da farko ba.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya tsaya a gindin mangwaro idonsa yana kai nesa, ƙananan tsokar da ke matse ido domin kallon kusa suna saki. Jikinsa ya motsa, iska ta taɓa shi, haske ya sauya, ga ƙamshin ƙasa idan damina ce. Wanda ya buɗe bidiyon Yankari a waya yana nan kan kujerar da yake tun safe, wuyansa a sunkuye, idonsa a tazarar da yake tun safe. Ko dajin ya yi nisan kilomita a cikin hoton, idonka santimita 30 yake kallo.

Saboda haka ga yadda nake ganin ya kamata ka jera su: fita waje ko da minti biyar ne ta fi, sai taga mai kallon itace, sai bidiyo ko sauti. Amma na san shagunan wajen Wunti, da yawa ba taga sai ƙofa mai kallon titi da 'yan Keke Napep, kuma a watan Maris da Afrilu rana ba ta barin mutum tsayuwa a waje da azahar. A irin wannan hali, da babu gara ba daɗi. Sai dai a yi shi yadda zai yi aiki.

Fara da zaɓen bidiyon. Ka nemi wanda kyamara take a kafe wuri ɗaya, ko take tafiya a hankali ƙwarai, hoto ɗaya ya daɗe aƙalla rabin minti kafin ya sauya. Kada ya kasance da mai sharhi, kada rubutu ya riƙa gilmawa, kada a sa masa kiɗa, sautin wurin kawai. Shirye-shiryen namun daji da ake nunawa a talabijin, inda zaki yake bin barewa, ba su cikin wannan lissafi ko kaɗan. Suna da daɗin kallo, amma farauta tana ɗaga bugun zuciya, kuma mai sharhin yana sa ka bin labari, wato ka koma aikin da kake gudu. Wurin ma ya zama wanda ranka ya natsu da shi. Yawancin bidiyon da ke intanet dazuzzukan Turai ne masu duhu da ƙanƙara, wani kuwa irin wannan ƙungurmin daji tunanin maciji da ɓarayi yake kawo masa. Ga mutumin Bauchi ko Gombe sau da yawa fadama da shanu suna kiwo, ko gonar gero a watan Agusta, ko ruwan Wikki na Yankari mai garai-garai har kana ganin yashin ƙasansa, sun fi kwantar da rai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki naka. Ranar da ka je ƙauye, ko dam ɗin Gubi, ko Dadin Kowa idan hanya ta kai ka Gombe, ka jingina wayar a kan dutse a kwance, ka bar ta tana ɗauka minti biyar ba ka taɓa ta ba, ba ka magana. Da sassafe ko bayan la'asar hasken ya fi kyau, kuma ka kare makirfon daga iska da jikinka, in ba haka ba sautin zai zama hargowa. Uku ko huɗu irin wannan sun ishe ka, ka riƙa sauyawa, domin guda ɗaya idan aka maimaita shi kullum yana daina jan ido cikin 'yan kwanaki.

Abu na biyu, kuma a nan yawancin mutane suke faɗuwa: ka sauke bidiyon ya zauna a na'urar, kada ka kalle shi kai tsaye daga YouTube. Idan ka buɗe manhajar, kafin ka kai ga dajin ka wuce ta kan hotuna goma da aka tsara musamman domin su fizge ka, talla za ta katse ka a tsakiya, ga saƙon WhatsApp yana leƙowa daga sama. Ka shiga neman hutun minti biyar, ka fito bayan rabin awa kai ya fi da nauyi. Ka kashe data kafin ka danna. Idan da hali ma ka bar wayar a aljihu, ka sa shi a sikirin ɗin kwamfutar shagon ya cika fuska baki ɗaya, ka ja kujerarka baya kamar mita ɗaya da rabi ko biyu. Girman hoto yana taimaka wa nutsewa, nisan kuma yana rage wa ido aiki.

Tsawonsa minti biyar zuwa goma. Ka saita alam domin kada ka riƙa duba agogo. Ka jingina, ka sauke kafaɗu, ka bar hannu ya rabu da kibod. Kada ka ƙirga tsuntsaye, kada ka matsa wa kanka cewa dole sai ka natsu, tunani ya tafi inda ya ga dama. Lokacin yi kuwa, kada ka jira sai ka fara juya lambobi. Bayan kowace awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta aiki mai cin hankali ka tsaya. Tunda azahar da la'asar suna tayar da kai daga kujera dama, ga alwala da tafiya masallaci, sai ka sa hutun bidiyon a tsakankaninsu: ɗaya wajen sha ɗaya na safe, ɗaya wajen uku, ɗaya wajen biyar da rabi. Idan akwai itace a hanyar masallacin, ka ƙara minti biyu a gindinsa kana kallon samansa. Wannan ya fi bidiyon duka.

Sauti shi kaɗai ma hanya ce, kuma ga mai aikinka ina ganin ta fi dacewa, tunda idonka ne ya fi shan wahala. An yi gwaje-gwaje da suka nuna kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa suna saukar da damuwa fiye da hayaniyar titi. Ka sa iyafis, ka rufe ido, minti biyar. Amma ka kula: a shagon da janareto yake ruri mutum yakan ƙure sauti domin ya danne ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin na'ura. Idan sai ka ƙure kake ji, ka bari sai an kawo wuta.

Yanzu gilashin VR. Gaskiya ne yana sa mutum ya ji kamar yana wurin fiye da sikirin. A 2020 masu bincike a Jami'ar Exeter ta Ingila suka gundurar da mutum 96 da gangan, sannan suka nuna musu ƙarƙashin teku ta hanya uku: talabijin, bidiyo mai zagaye a gilashi, da wanda mutum yake iya motsi a cikinsa. Duka ukun sun rage gundura, na ƙarshen ya fi ƙara nishaɗi. Ka lura, nishaɗi aka auna, ba raguwar kuskure a aiki ba. Ga shi kuma yana da nasa matsalolin. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa ana zaune, wannan saɓanin ne yake kawo jiri da tashin zuciya da gumi mai sanyi, irin na wanda yake karatu a cikin mota a hanyar Jos. Mai arha da ake zura waya a ciki ya fi kowanne wannan illa, domin hoton yana makara idan ka juya kai, yana kuma fitowa dishi-dishi saboda an baza shi ya zagaye ko'ina, wayar ta yi zafi a fuskarka, wata wayar ma ba ta da abin da ke gane juyin kai sam. A zafin Bauchi gilashin yana yin gumi cikin mintoci. Idan ka sami na aro ka gwada, to a zaune, minti biyar, bidiyon da kyamararsa ba ta motsi, ka cire da zarar ka ji jiri, kada ka daure. Ka goge shi kafin ka sa, musamman lokacin da ciwon ido na afolo yake yawo. Mai farfaɗiya ko mai yawan ciwon ɓarin kai kada ya sa sai ya tambayi likita, kuma kada ka hau babur kai tsaye bayan ka cire. Kuɗin gilashi mai kyau, da za ka sa su a fanka mai caji da kujerar da ke tallafe baya da gwajin ido, da ka fi ganin canji a aikinka.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma kai kana da ma'auni a hannunka wanda ya fi na ɗakin bincike dacewa da kai: kuskuren bugu. Ka ware mako biyu. Wata rana ka yi hutun bidiyo, washegari ka yi hutu daidai tsawon na bidiyon amma ido a rufe ba komai, rana ta uku ka fita ka tsaya a inuwa, haka kake juyawa. Kowace rana ka ƙirga gyaran da aka yi a shafi biyar na farko da ka buga bayan hutun ƙarfe uku, ka rubuta a littafi tare da awannin barcin da ka samu a daren. Dole a kwatanta da hutu, domin hutu ko wane iri ne yana taimakawa, idan ka kwatanta bidiyo da rashin tsayawa kwata-kwata za ka ba bidiyon ladan da ba nasa ba. Kada kuma ka dogara da jin daɗin da ka ji, mutum yana iya jin ya wartsake alhali kuskurensa yana nan yadda yake.

Akwai gajiyar da ba daji na gaske ba na waya da zai taɓa ta, kuma ina roƙonka ka duba wannan da kyau. Idan barcinka bai kai awa bakwai ba, to bashin barci ne kake biya da la'asar, kuma ƙailula ta minti 15 zuwa 20 bayan azahar ta fi kowane bidiyo. Kada ta wuce rabin awa, in ba haka ba za ka tashi da nauyin kai. Idan ido ne yake yaji yana ruwa, mai kallon sikirin ƙiftawarsa tana raguwa sosai, sai idon ya bushe, abin ya fi tsanani da hunturu. Duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20, ka ƙifta da gangan. Ciwon goshi kullum da yamma kuwa yana iya zama alamar kana buƙatar tabarau. Ƙishirwa ma tana rage natsuwa tun kafin ka ji ta sosai, ka ajiye gora kusa. Sannan janareto: idan yana cikin shago, ko a bakin ƙofa hayaƙin yana dawowa ciki, akwai iskar guba a cikinsa marar wari marar launi da take kawo ciwon kai da jiri da rikicewar tunani, tana kuma kisa. Alamarta ita ce ka ji sauƙi idan ka fita waje, ko ranar da aka wuni da wuta, ko ka ga abokan aikinka ma suna kukan kai a lokaci ɗaya. A fitar da shi fili, nesa da ƙofa da taga, bututun hayaƙin yana kallon wani gefen.

Idan ka gyara waɗannan amma gajiyar ta wuce mako biyu zuwa uku, ko tana tare da zazzaɓi, rama, yawan fitsari da ƙishirwa, haki idan ka ɗan yi tafiya, ko ka ga abubuwan da kake so da sun daina yi maka daɗi, ka je asibiti a duba jininka da sukari da maleriya, ka kuma gaya wa likita halin da zuciyarka take ciki ba tare da kunya ba. Idan za ka je ka tafi da littafin nan na mako biyu, awannin barci da lokutan da ciwon kan yake zuwa suna cikin abubuwan farko da za a tambaye ka.